Tazarar Maki 60

A watan Maris na 2016, a garin Bridgeport na ƙasar Amurka, ƴan matan jami'ar Connecticut, waɗanda aka fi sani da UConn, suka kara da takwarorinsu na jami'ar Mississippi State a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ƙasar. Gasar ta riga ta yi nisa. Daga cikin ƙungiyoyi 64 da suka fara, 16 kaɗai suka rage, wato duk wadda ta kawo nan ba kanwar lasa ba ce. Amma da aka gama kashin farko cikin kashi huɗu na wasan, UConn na da maki 32, abokan karawarsu na da 4. Aka tashi 98 da 38. Tazarar maki 60 cif.

Wani daɗaɗɗen marubucin wasanni na jaridar Boston Globe, Dan Shaughnessy, ya shiga Twitter ya ce waɗannan ƴan mata suna kashe wasan mata, shi kam ba zai kalla ba. Mai horar da su, Geno Auriemma, ya mayar masa da cewa wanda ba ya son kallo kada ya kalla. Ya kuma tuna wa ƴan jarida cewa lokacin da Tiger Woods yake lashe manyan kofunan golf ba wanda ya ce yana ɓata wasan, sai ma tilasta wa saura da ya yi suka ƙara ƙwazo.

Ni ba ma'abociyar ƙwallon kwando ba ce. Aikina shirin safe ne a gidan rediyo, inda masu saurare ke bugo waya muna tattauna zamantakewa, tsadar hatsi, rikicin kishiyoyi da makamantansu. Labarin nan ya faɗo hannuna ne wata rana da abokin aikina mai labarin wasanni ba ya nan, aka ce in riƙe masa. Na karanta, na wuce, amma tambayar da ke ciki ta ƙi barina. Idan ka fi ƙarfin wanda ke gabanka nesa ba kusa ba, me ya kamace ka? Ka sassauta masa don kada ya ji kunya, ko ka yi iyakar iyawarka ko da zai tafi gida da hawaye? Mu ma nan Nijar mun san irin wannan gardama. Duk lokacin gasar takobin kokawa, in gwani ɗaya ya yi ta kayar da kowa shekara bayan shekara, za ka ji ana cewa a fada, wajen shan shayi, ai kokawa ta daina daɗi.

Kafin a yanke wa ƴan matan nan hukunci, yana da kyau a san daga inda suka fito. Jami'ar tana wani ɗan ƙaramin gari ne mai suna Storrs. A Amurka ma wasannin mata a makarantu ba su samu gindin zama ba sai bayan 1972, lokacin da aka yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Gasar mata ta babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, sai a 1982 aka fara ta. Auriemma, wanda aka haifa a Italiya a 1954 aka kawo shi Amurka yana ɗan shekara bakwai, ya karɓi ƙungiyar a 1985, tare da mataimakiyarsa Chris Dailey wadda ta zauna da shi tun daga ranar. Kafin zuwansu, sau ɗaya tak ƙungiyar ta taɓa gama kakar wasa nasarorinta sun fi faɗuwarta yawa. A shekararsu ta farko sun ci wasa 12, an cinye su 15. Shekara goma suka yi suna gini kafin su ɗauki kofin farko a 1995, inda suka buga wasa 35 ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka kayar da Tennessee ta Pat Summitt a wasan ƙarshe.

Daga nan ne abin ya zama ruwan dare. Kofi uku a jere daga 2002 zuwa 2004, huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016. Sun ci wasa 90 ba yankewa tsakanin 2008 da 2010, suka shafe tarihin wasa 88 da mazan jami'ar UCLA suka kafa. Daga baya suka shafe nasu tarihin da wasa 111. Abin da ya fi jan hankalina a cikin duk wannan lissafi wani ƙaramin labari ne: Auriemma ya taɓa zaunar da Breanna Stewart, gwanar gwanayen ƙungiyar, a benci kusan dukan wasa saboda bai gamsu da himmarta ba. Mutumin da ake roƙo ya sassauta wa ƴaƴan wasu, nasa ma bai sassauta musu ba.

Dalilin da ya sa wannan ya taɓa ni, sai na koma baya kaɗan. Bayan na karɓi diflomata ta aikin jarida, na yi zaman koyon aiki a wani gidan rediyo da ba zan ambata ba. Mu biyar ne, maza uku, mata biyu. Shugaban sashen labarai dattijo ne mai kirki, kuma har gobe ina yi masa addu'a. In ɗaya daga cikin mazan ya kai masa rubutun labari, sai ya ɗauki jan biro ya bi shi layi-layi, ya soke wannan, ya zagaye wancan, wani lokaci ya yaga takardar ya ce a sake. Har tausayinsu nake ji. Ni kuwa in na kai nawa, sai ya duba sama-sama, ya yi murmushi ya ce, "Ya yi, ɗiyata, Allah ya yi albarka." Wata uku ina yawo da fahariya, ina ganin na fi su.

Ranar da aka fara ba ni karanta labarai kai tsaye ne asirina ya tonu. Jimlolina sun yi tsawo har numfashi ya riƙa yanke mini a tsakiya. Na sa muhimmin abin da ya faru a ƙarshen labari, na cika farkonsa da sunayen manyan baƙi. Wani mai saurare ya bugo ya tambaya shin yarinyar nan ta san abin da take karantawa kuwa. Duk kurakuran nan an riga an cire wa mazan su da jan biro tun watan farko. Da na samu ƙarfin hali na tambayi dattijon me ya sa bai taɓa gyara mini ba, sai ya ce ba ya son ya karya mini zuciya, kuma ai mata ba su cika daɗewa a aikin nan ba, da an yi aure shi ke nan. Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya. A ranar na gane cewa murmushin da nake ɗauka yabo ne, hukunci ne aka yanke mini tun ban fara ba: ba a sa ran zan kai ko'ina, don haka ba a ga amfanin wahalar da ni ba.

Shi ya sa da na ji ana cewa UConn su tausaya, sai na tambayi kaina yadda tausayin zai kasance a aikace. A wasan jami'o'i na mata, ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ne ta jefa ƙwallo zuwa kwando, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawa. Ba dama ka riƙe ƙwallo kana jan lokaci. Mai horarwa zai iya fitar da manyan ƴan wasansa ya sa na benci, zai iya hana su matsa wa abokan karawa tun daga bakin kwandonsu. Bayan wannan, abin da ya rage shi ne a ce wa yarinya ta jefa ta kuskure da gangan. Su kuwa waɗanda ake yi wa hakan ba yara ba ne, za su gane. Wace ce za ta so ta koma ɗakin canza kaya da sanin cewa makin da ta ci sadaka aka ba ta?

Akwai ci gaban labarin, kuma shi ne kowa ya fi so. Ƴan Mississippi State suka koma gida suka manna lamba 60 a inda suke motsa jiki, suna ganinta kullum. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 31 ga Maris 2017, a birnin Dallas, aka sake haɗa su da UConn a wasan kusa da na ƙarshe. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci. Ana saura ƙiftawar ido a busa tashi, Morgan William, ɗaya daga cikin mafi gajarta a filin, ta ɗaga ƙwallo ta saman wadda ta fi ta tsawo, ta faɗa kwando. 66 da 64. Nan jerin wasa 111 ya tsaya. Kyamara ta nuno Auriemma yana murmushi.

Da a shirina ne, nan zan sa kiɗa in rufe, masu saurare su ce gaba da gabanta. Sai dai ina jin tsoron wannan ƙarshe mai daɗi, domin yana iya ruɗar mu. A ce ƙwallon Morgan William ta bugi bakin kwando ta dawo, shin dukan da aka yi musu a 2016 zai koma zalunci ke nan? Ƙungiyoyi da yawa UConn ta lallasa da maki 40 ko 50, ba su dawo sun rama ba, ba wanda ya ba da labarinsu. Idan hujjarmu ita ce duka yana gyara mutum, to mun buɗe wa kowane azzalumi ƙofa, ya yi abin da ya ga dama ya ce tarbiyya yake yi. Na san malamai da iyayen gida da ke fakewa da wannan. Kuma masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar: in ƙungiya ta yi suna, fitattun ƴan mata daga sakandare can suke son zuwa, mai shi ya ƙara samu, marar shi ya ƙara rasawa. Wasan da aka san ƙarshensa tun kafin a fara, ba laifi ba ne mutum ya ce ya gundure shi.

Wani wasa da aka yi a Dallas ɗin nan dai, a watan Janairun 2009, shi ya taimaka mini na ga inda iyakar take. Ƴan matan wata sakandare suka doke na wata ƙaramar makaranta, wadda ke karɓar yara masu fama da wahalar koyo, da ci 100 ba ko ɗaya. Makarantar da ta yi nasara da kanta ta fito ta nemi afuwa, kuma mai horarwar ya rasa aikinsa. A lissafi, 100 da 60 ba su da nisa sosai. A ma'ana kuwa tazararsu ta fi haka. Ƴan Mississippi State sun zo Bridgeport ne neman kofin da UConn ke nema, sun kayar da wasu kafin su iso, sun shigo fili da da'awar cewa su ma za su iya. Amsa wannan da'awa da dukan ƙarfi girmamawa ce. Yaran waccan ƙaramar makaranta ba su yi wannan da'awar ba, wasa suka fito yi, kuma ba abin da maki na 80 ko na 90 ya ƙara wa kowa in ban da cika lissafi.

Abin da na tsaya a kai ke nan: kafin ka yanke shawarar sassautawa ko tsanantawa, sai ka san abin da mutumin ya zo nema a wurinka. Ni na je wurin dattijon nan neman zama ƴar jarida, ya karɓe ni a matsayin baƙuwar da za a yi wa kara har ta tafi. Matsalar ita ce ba kullum mutum ke faɗin abin da ya zo nema ba, wani lokaci shi kansa bai gama sani ba. A fagen wasa akwai alƙali, akwai doka, kowa ya sa hannu kafin ya shigo. A ofis da gida da aji, kai kaɗai ne za ka duba fuskar mutum ka yi ƙiyasi, kuma kana iya yin kuskure ta kowane ɓangare.

UConn dai ba su kashe wasan mata ba. Bayan kofin 2016 sai da suka yi shekara tara suna nema, wasu jami'o'i irin su South Carolina ta Dawn Staley suna ɗauka, kafin su samu na 12 a watan Afrilun 2025, inda suka doke South Carolina ɗin 82 da 59. A cikin ƴan wasansu na wannan shekara akwai Jana El Alfy, ƴar Masar, wadda ta buga wani ɓangare na gasar da azumin Ramadan a bakinta, tauraruwar ƙungiyar Paige Bueckers kuma tana tashi da asuba ta haɗa mata sahur. Na so wannan labarin, don ya nuna mini cewa gidan da ba a sassauta wa kowa a fili, ana iya samun tausayi a madafarsa.

Yanzu ni ake kawo wa masu koyon aiki. A watan jiya wata yarinya mai sanyin murya ta miƙo mini rubutunta na farko da hannu biyu, ta ce, "Tanti, a duba mini." Na karanta, na ga irin kurakuraina na da, har da jera sunayen manyan baƙi a farko. Na ɗauki jan biro, hannuna ya tsaya. Na ji bakina yana shirin cewa ya yi, ƙanwata. Na tambaye ta me take so ta zama nan da shekara biyar. Ta sunkuyar da kai ta ce ita dai babanta ne ya ce ta zo. Wannan amsa ba ta taimake ni da komai ba.

Na yi mata gyara a wuri 14, na zauna da ita muka bi su ɗaya bayan ɗaya, na ce ta sake rubutawa ta kawo gobe. Ta karɓa ba ta ce uffan ba. Washegari ba ta zo ba. Ranar da ta biyo baya ma kujerarta ba kowa, na yi ta duban ƙofa ina gabatar da shiri har na kusa manta sanar da lokaci. A rana ta uku na tarar da takarda a kan teburina, an sake rubuta labarin da hannu, kurakurai sun ragu zuwa 6. Ita kuma tana can ƙarshen ɗaki ta juya mini baya, tana ta gyaran wayar makirufo da ba abin da ya same ta. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana ba.