Magatakardan da Ba Ya Rantsuwa: Ƙirƙirarriyar Basira da Malaman Yaƙi da Jahilci a Ƙasar Bade

Matsalar da ƙirƙirarriyar basira ta jefa malamin ilimin manya a ciki ta bambanta da ta malamin jami'a, domin shi na jami'a fargabarsa ita ce kada ɗalibi ya sa na'ura ta rubuta masa aikin da aka ba shi, alhali malamin yaƙi da jahilci abin da ke gabansa shi ne ko ɗalibin zai ga sauran dalilin zuwa ajin ma. Abin da ake nufi da ƙirƙirarriyar basira a nan shi ne manhajar kwamfuta da aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubucen mutane har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata, ta yadda take iya amsa tambaya da tsara wasiƙa da yin fassara, kamar ChatGPT da kamfanin OpenAI ya fitar a watan Nuwamba na 2022. Tun da irin waɗannan manhajoji suka fara karɓar murya suna mayar da murya, ko da yake Hausarsu tana tuntuɓe har yanzu, sai wata tambaya ta taso wadda ta shafi addini da falsafa fiye da yadda ta shafi fasaha: idan akwai abin da zai karanta wa mutum ya kuma rubuta masa, shin koyon karatu da rubutu yana nan a kan wajibcinsa?

Gangamin Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950, wanda hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga wa littattafai har zuwa rufe ta a 1959, bai yi wa manomi alkawarin aikin ofis ba. Alkawarinsa shi ne mutum ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya gane abin da aka rubuta a rasidin harajinsa, ya kuma san lambar da sikeli ya nuna, abin da ba ƙarami ba ne a yankin da jirgin ƙasa ya iso Nguru tun 1930 yana kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro. Da yawa daga waɗanda aka tara a waɗannan azuzuwa sun yi karatun allo a tsangaya, wasu ma suna rubutu da ajami, amma takardun hukuma da na 'yan kasuwa da boko ake rubuta su. A kan wannan manufa aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, sannan ta tarayya a 1990, wato a raba baligi da dogaro da ɗan tsakani wajen al'amuran da suka shafi dukiyarsa da sirrinsa.

Wannan buƙata ba ta gushe ba, kama kawai ta sauya. Mai sayar da bandar kifi da ya fito daga Katuzu zuwa kasuwar Gashuwa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa mutane tura kuɗi ta waya, yakan ji wayarsa ta yi ƙara, ya miƙa ta ga yaron da ke zaune da na'urar cire kuɗi ya ce, "Ɗana, duba mini ko alat ya shigo," alhali mai sayen kifin yana tsaye yana jiran a ɗaure masa kwali. Manhaja mai magana za ta iya maye gurbin wannan yaro, kuma a zahiri hakan ci gaba ne, tun da dattijon ba zai ƙara tona wa kowa abin da ke asusunsa ba. Sai dai a haƙiƙa ɗan tsakani aka sauya masa da wani ɗan tsakanin, ga shi kuwa zanen aro ba ya rufe katara.

Shari'a ba ta hana amfani da magatakarda ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da a rubuta bashi, ta kuma amince wani ya yi rubutun a madadin masu ƙulla shi, amma ta ɗaure wannan izini da sharuɗɗa: marubucin ya yi adalci, wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shifta, sannan a kafa shaidu. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana buƙatar mukallafi, wato baligi mai hankali da hukunci ke hawa kansa, wanda za a iya kira gaban alƙali a rantsar da shi, wanda kuma ya san akwai ranar hisabi. Manhaja ba mukallafi ba ce. Takan ƙirƙiro hadisi ko sunan littafi da babu shi, ta faɗe shi da irin natsuwar da take faɗin gaskiya, ba don tana da niyyar ƙarya ba, sai don ba ta da niyya gaba ɗaya. Kuma inda babu niyya babu alhaki, sai alhakin ya koma kacokan kan wanda ya yarda da ita. Mutumin da bai iya karatu ba kuwa ba shi da hanyar bin diddigi, saboda haka abin da yake yi shi ne taƙalidi, wato karɓar magana ba tare da sanin hujjarta ba, wanda malamai suka halatta wa gama-gari bisa sharaɗin wanda ake bi ya zama sananne da ilimi da amana.

Ba a nan gardamar ta fara ba. Masanin falsafa Aflatun ya sa malaminsa Suƙraɗu ya soki rubutu shi kansa, a kan cewa rubutacciyar magana ba ta iya kare kanta in an tambaye ta, kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya fi shi kusantar daidai a cikin Almuwafaƙat, inda ya yarda a ɗauki ilimi daga littafi muddin mai karatu ya riga ya san isɗilahin fannin, wato kalmomin da ma'abotansa suka keɓe, wanda galibi daga bakin malamai ake samun sa. Wannan sharaɗi ya hau kan na'ura daram: tana amfanar wanda aka riga aka koyar, tana kuma iya ɓatar da wanda ba a koyar ba. Ko Nana Asma'u, da ta yi amfani da waƙa wajen isar da ilimi ga matan karkara, ba ta aika waƙar ita kaɗai ba, jaji, wato malamar da take turawa, ta naɗa wa malfa ta ɗora mata amanar 'yan taru, wato matan da ake koyarwa.

Akwai kuma batun harshe, wanda a ƙasar Bade ba a iya tsallake shi. Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, Barbarci kuwa sai a 2024, amma Badanci rubutunsa kaɗan ne ƙwarai, mafi shahara a ciki su ne ƙamusoshin da Russell Schuh na jami'ar Kalifoniya ya tsara tare da masana 'yan ƙasa. Manhajar da rubutu ne abincinta ba za ta san harshen da ba a rubuta ba, don haka tsohuwar da take ƙirga kuɗin cinikinta da Badanci malami ɗan gari ne kawai zai iya haɗa mata lissafin da ke kanta da lambar da ke kan allo. Shi ne kuma yake sanin cewa magidancin da gemunsa ya yi fari, wanda hannunsa ya saba da fartanya har fensir yana zame masa, ba a gyara masa kuskure a gaban sa'o'in 'ya'yansa, sai a matso kusa a ce, "Baba, a ƙara jan wutsiyar harafin nan kaɗan."

Haɗarin da ke fuskantar sana'ar waɗannan malamai bai fito daga ƙwarewar na'ura ba, ya fito ne daga matsayinsu da dama can yake da rauni, domin galibinsu na wucin gadi ne da ake biya da ɗan alawus, kuma irin wannan ma'aikaci shi ake fara sokewa duk lokacin da mai tsara kasafi ya sami hujjar cewa waya za ta wadatar. Amfanin da malamin zai samu a zahiri yake, tun da manhaja za ta taya shi tsara darasi a kan farashin buhun shinkafa ko takardar asibiti cikin ɗan lokaci, shi kuma ya tace Hausarta. Aikin da ya ƙaru a kansa ya fi wanda ya ragu, domin bayan baƙi da wasali yanzu dole ya koya wa ɗalibi bambanta saƙon banki na gaske da na bogi, da neman asalin fatawar da aka turo masa ta WhatsApp kafin ya yi aiki da ita. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 suna kusa da Katuzu, kuma su ne wuraren da ya kamata a fara horar da malaman ilimin manya a kan wannan sabon darasi.