Amanar Yara A Kan Hanya



Kowace shekara, sa'ad da makarantu suka tashi dogon hutu a tsakiyar damina, ikilisiyai da yawa su kan tara yara wuri ɗaya na 'yan kwanaki, domin a koya musu Maganar Allah da waƙa da ladabi. Shi ne zangon yara. A cikin kwanakin nan a kan keɓe yini guda a fita da su, ko zuwa madatsar ruwa ta Tiga, ko zuwa birnin Kano su hau Dala, su ga Gidan Makama da gidan namun daji. Al'adan nan ta daɗe. A shekara ta 1883 wani mutum mai suna William Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo, a 1886 kuma ya kai yaransa zangonsu na fari a bakin teku, ko da ya ke waɗansu iyaye sun ji tsoron abin da farko. Ƙungiyan nan ta iso Ikko a 1908, daga can ta bazu cikin ƙasa.

Fita da yara abu ne mai kyau, gama yaro ya kan tuna da abin da idonsa ya gani fiye da abin da kunnensa ya ji. Amma akwai magana guda wadda ya wajaba kowane mai bi ya riƙe kafin ya ce wa yara su shiga mota. Yaron da aka ba ka amana ne, kai kuwa ka zama mai lamuninsa har ka komo da shi ƙofar gidan ubansa.

Mai Lamuni

Ku duba Littafin Farawa, sura 43 da 44. A kwanakin yunwa ya zama dole 'ya'yan Yakubu su koma Masar sayen hatsi, mai mulkin ƙasar kuwa ya riga ya gaya musu kada su dawo sai tare da autansu Biliyaminu. Tsohon ya ƙi, domin ya taɓa aiken ɗa guda, Yusufu, bai kuwa komo ba. Ba abin da ya sauya zuciyarsa sai da Yahuza ya tsaya ya ɗauki lamunin yaron, ya yarda laifin ya zauna a kansa muddin ransa idan bai dawo da shi ba. Da wahala ta same su a Masar, aka ce za a riƙe Biliyaminu bawa, Yahuza bai nemi hujjar da zai kai gida ba. Ya roƙa a riƙe shi a madadin yaron, gama ba shi da idon da zai dubi ubansa da shi in ya koma hannu wofi.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, ran da ka karɓi ɗan wani domin fita, a matsayin Yahuza ka tsaya. In ba ka iya ɗaukar wannan nauyi, gara ka faɗi tun da wuri, a ba wani. Ga abubuwa biyar da lamunin nan ya ƙunsa.

Na Fari, Izinin Iyaye

Kada a ɗauki yaro ko ɗaya sai da sanin ubansa da uwarsa, ko wanda ke riƙonsa. Ka tafi gidan da ƙafarka, ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi inda za a je, da wanda zai ja gaba, da lokacin komowa, da abin da za a koya wa yaran. Da yawa cikinku 'yan'uwanku na gida ba Kirista ba ne. Wataƙila ɗan wanka ko ɗan maƙwabcinka ya ga abokansa suna shiri, ya yi ta kuka yana so ya bi su. In uban ya ce a'a, magana ta ƙare. Kada ka ɓoye masa cewa za a yi addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, kada kuma ka ce wa yaron ya sulale ya same ku a bakin hanya. Wanda ya yi haka ya koya wa yaro raina iyaye, ya jawo wa ikilisiya zargin satar 'ya'yan mutane, ya kuma sa a saɓi sunan Ubangiji a garin. Bishara ba ta bukatar a taimake ta da ƙarya.

Na Biyu, Ƙidaya

A rubuta sunan kowane yaro da sunan ubansa da ƙauyensu a takarda. A raba su ƙungiya ƙungiya, kowane babba da nasa kamar takwas ko goma, 'yan mata a hannun mata. A kira suna kafin a tashi, a kira sa'ad da aka sauka, a kira bayan cin abinci, a kira kuma kafin a juyo. Kada kowa ya ga wannan ƙaramin abu ne. Luka ya ba mu labari a sura 2, cewa sa'ad da Yesu yana da shekara 12, Yusufu da Maryamu suka yi tafiyar yini guda daga Urushalima suna zaton yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. In zato ya ruɗi mutane masu adalci irin waɗannan, ina ga ni da kai? Makiyayin nan na cikin misalin Ubangiji kuwa, da me ya sani tunkiya ɗaya ta ɓace cikin ɗari? Ya sani domin yana ƙidaya.

Na Uku, Ruwa

An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke bin manyan hanyoyin da aka haƙa masa har ya iso gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda a ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa ko da rani. Wannan alheri ne babba, amma yana da haɗari biyu ga yara.

Ɗaya a bayyane ya ke. Ruwan babbar hanya yana da zurfi da ƙarfi, gefenta yana da santsi, inda kuma ya ke ratsa ƙofofin ƙarfe ya kan ja mutum ƙasa. Yaro ya kan nutse shiru, ba kururuwa, a ɗan lokacin da babba ya juya yana amsa gaisuwa.

Ɗayan a ɓoye ya ke, watau tsargiya. Ƙwayar ciwon tana girma cikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyawa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya sani ba, bayan makonni sai a ga jini a fitsarinsa. Waɗansu suna cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Ciwo ne mai ɓata mafitsara, mai rage jini, akwai kuwa maganinsa a asibiti. Saboda haka a ran fita kada a bar yara su shiga ruwa ko kaɗan, a kuma ɗauko musu ruwan sha mai tsabta daga gida.

Na Huɗu, Abin Hawa

Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari a ƙasar Bagwai. Yana ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya daga ƙauyen Badau za su wurin Maulidi, an kuwa cika shi fiye da ƙarfinsa. Mutum fiye da 20 suka rasu, mafi yawansu yara. Kada wani mai bi ya ce a ransa wannan ba zai same mu ba. Ubangijinmu da kansa, sa'ad da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya hana mu zaton sun fi sauran mutane laifi. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne, baƙin cikin iyayensu namu ne, gargaɗin kuma namu ne.

Jirgi ko mota ba su san waƙar da a ke rerawa a cikinsu ba. In kuɗi bai isa mota biyu ba, a rage yaran, ko a zaɓi wuri na kusa a tafi da ƙafa. Kada a loda yara a bayan motar kaya. Kada a yarda da direba mai gudu, in ya ƙi jin magana a sauke yaran. A tashi da sassafe, a komo kafin magariba, gama hadarin watan Agusta ba ya ba da sanarwa. Wanda ya cika mota har ta rinjaya, sa'an nan ya ce Allah zai kiyaye, gwada Ubangiji ya ke yi. Bangaskiya tana yin addu'a, tana kuma duba taya.

Na Biyar, Hali A Gaban Mutane

Duk inda kuka sauka, idon gari yana kanku. A fara gaida mai unguwa ko dagaci. A bi kan kunya, kada a tattake shuka, kada yaro ya karya masara ko zangarniya ɗaya a gonar da ba ta ubansa ba. In aka iske mutane suna salla, a wuce shiru. Babba kuma kada ya keɓe da yaro ko yarinya inda ba mai ganinsu, domin kiyaye yaron da kiyaye sunan babban. Mutumin da bai taɓa shiga majami'a ba zai karanta bangaskiyarku a halin yaranku ran nan.

In an kiyaye waɗannan, sai a bar yara su yi murna. A tsaya da su nesa da gaɓa a nuna musu faɗin ruwan Tiga, a tambaye su wanda ya aiko da girgijen da ya cika shi. A nuna musu yadda ruwa ke bin hanya mai nisa har ya kai ƙaramar gona a ƙarshen layi, a gaya musu haka alherin Allah ya ke neman ƙarami.

Ya mai bincike, wataƙila kana tambaya don me Kirista ke ɗaukar ɗan yaro da nauyi haka. Dalilin ke nan: mu ma an yi lamuninmu. Abin da Yahuza ya yi niyyar yi saboda ƙanensa, Yesu Almasihu, wanda ya fito daga zuriyar Yahuza, ya cika shi saboda mu. Ya ba da kansa a madadinmu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, domin ya kai mu gidan Uba ba wanda ya ɓace. Wanda ya san an riƙe shi haka ba zai yi sakaci da ɗan wani ba.

Addu'ar Mai Jan Gaba

Ya Uba na Sama, yaran nan naka ne, iyayensu kuma sun danƙa su a hannuna yau. Ka ba ni ido mai lura da zuciya mai haƙuri. Ka tsare ni daga gaggawa da ganganci. Ka kiyaye mu a hanya da bakin ruwa, ka kiyaye 'ya'yan maƙwabtanmu duka a tafiyarsu. Ka komo da mu cikakku da maraice, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.