Ko Mugu Ba A Yi Masa Shaidar Zur

Idan mutum ya yi ƙaurin suna wajen mugunta, ya halatta a ɗora masa laifin da wani ya aikata? Tambayar nan ta raba kan duniya bayan 11 ga Satumba 2001, ranar da 'yan Alƙa'ida suka hallaka mutane kusan 3,000 a Amurka.

Ba a musu, gwamnati tana iya ɗaure wa ta'addanci gindi. Taliban ta ba Usama bin Ladan mafaka a Afganistan. Libiya ma, a 2003, ta ɗauki alhakin jirgin saman da aka tarwatsa a bisa garin Lokabi a 1988, inda rayuka 270 suka salwanta.

Batun Iraƙi dabam yake. Saddam Husaini azzalumi ne. Iskar gubar da aka zuba wa Kurdawan Halabja a 1988 ta isa shaida. Ya kuma riƙa ba iyalan Falasɗinawa 'yan ƙunar baƙin wake kuɗi. Amma cikin mutum 19 da suka sace jiragen Amurka babu ɗan Iraƙi ko ɗaya, 15 'yan Saudiyya ne. Duk da haka manyan gwamnatin Shugaba Bush suka yi ta haɗa sunansa da na Alƙa'ida, har masu sauraro da yawa suka ɗauka da hannunsa a ciki. A watan Maris 2003 aka mamaye ƙasar. Sai a 2004 kwamitin binciken da Amurka ta kafa ya ce bai sami shaidar sun yi aiki tare ba.

Masu goyon bayan yaƙin sun ce maciji maciji ne, gara a kashe shi kafin ya yi sara. Maganar tana da nauyi ga wanda ya binne nasa. Sai dai muguntar mutum ba ta mai da ƙarya gaskiya, kuma wanda ya kira cututtuka biyu da suna ɗaya, maganinsa ba zai dace ba.

Reshen Alƙa'ida a Iraƙi bai kafu ba sai a 2004, cikin hargitsin mamaya. Daga cikinsa Da'ish ta fito. Ita ce ta kama Mosul a 2014, ta kori Kirista daga birnin da kakanninsu suka yi sujada fiye da shekara dubu.