Kwamfutar Kawu Za Ta Kasuwa

A Gure, kan hanyar Damagaram zuwa Difa, akwai wani tsohon malamin makaranta da matan unguwa suka ɗora wa rubuta lissafin adashensu. Sunayensu, bashin da ke kan kowace, hotunan katin shaidarsu, duk suna cikin wata tsohuwar kwamfutarsa ta hannu.

Damina ta ƙarato, ga kuɗin iri, ga na taki. Sai ya yanke shawarar sayar da ita. Ya goge komai, ya zubar da kwandon sharar kwamfutar, ya miƙa ta ga ɗan ƙanwarsa da ya zo hutu daga jami'ar Damagaram.

"Kai wa dillali. Na share ta tas."

Yaron bai yi musu ba. Ya sa mata wata manhaja mai suna PhotoRec, kafin shayi ya tafasa sai ga katin shaidar maƙwabciyarsu ya bayyana, sai ga takardar basussuka, har da wasiƙar da kawun ya rubuta kan rikicin gadon gona.

Dattijo ya yi salati. "Wannan kuma wane irin tsatsuba ne?"

"Ba tsatsuba ba ne, Kawu. In mai unguwa ya soke sunan gida daga littafinsa, ai gidan yana nan da kayansa har sai an rushe an yi wani gini a wurin. Suna kawai ka soke. Kwamfutar ta ce wurin ya zama fili, amma ba ta taɓa abin da ke ciki ba."

Ya ba shi labarin wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka da suka sayi tsofaffin faya-fayan kwamfuta 158, suka bayyana a 2003 cewa 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata. A sauran har lambobin katin banki suka tsinta, dubbai.

"To mene ne magani?"

"A rubuta wani abu a kai, ko da sifili ne, daga farkon faifai har ƙarshensa. A 1996 wani masani, Peter Gutmann, ya kawo tsarin maimaitawa sau 35, amma faifan yanzu irin naka sau ɗaya ya ishe shi."

Suka sa aikin bayan isha'i, bai ƙare ba sai asuba. Yaron ya sake bincikawa, bai samu ko harafi ba.

Kawun ya zaro katin ajiyar tsohuwar wayarsa. "Wannan fa?"

"Shi kam ba shi da tabbas. Yakan sauya wa rubutu wuri don kada ɓangare ɗaya ya lalace, sai gogewar ta tsallake wani lungu. Akwai sirrin mutane a ciki?"

"Akwai."

"To kada ka sayar."

Dattijo ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa taɓarya.