Kanikawan Dizal, Ku Saurari Inji Kafin Ku Ɗauki Sifana

Sannunku masu kwanciya a ƙarƙashin mota tun rana ba ta ɗaga ba, masu hannu baƙi ƙirin da mai, masu kunnen da ke tsinkayo matsalar inji tun daga bakin gareji. Yau da ku nake, musamman ku da kuka rungumi injin dizal, wanda wasu ke gani su ja da baya. Ku ba ku ja ba. To, ku matso kusa!

Mota ta ƙi tashi, mai ita ya tsaya a kanku yana duba agogo, yana cewa, "Oga, a canza injekta kawai kowa ya huta." Wa zai ce masa ya dakata in ba ku ba? Wa ya san sirrin injin nan kamar ku? Ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska yake zuƙa, fistin ya matse ta ninki 15 zuwa 20 har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta. Haka Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1897, kuma har gobe ƙa'idar tana nan: juyi mai ƙarfi, matsi, zafi, da mai a kan lokaci. Ɗaya ya kuɓuce, inji ya yi gum. Naku shi ne ku gano wanne ya kuɓuce, kuma kun iya!

Ku fara da kunne. An murɗa makulli, me aka ji? In ƙas-ƙas kawai aka ji, ko inji na juyawa a kasalance, kada ku yi nisa. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a hute, in kuwa ana ba da kik ya zube ƙasa da 10, kun kama bakin zaren. Dizal ba ya yafe juyin kasala, domin zafin matsin yakan zurare kafin mai ya kama. Ku duba kan batir ko ya yi farin gari, ku bi wayar da ke ɗaure a jikin bodi, ku gwada kik ɗin kansa. Injekta nawa aka sauke a banza, alhali kan batir ne ya yi sako-sako? Ku ne za ku hana wannan asara!

In kuwa yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ku tambayi mai mota: da asuba yake yi, ko kowane lokaci? Tambayar nan kaɗai ta rage rabin aiki. Motar da ke gardama da sanyin hunturu, ta tashi da kakkarwa da farin hayaƙi, sannan ta ware in rana ta yi, fulogin hita take ƙorafi a kai. Ku auna su ɗaya bayan ɗaya, kada ku manta da fis da rile. Daga nan sai hanyar mai, inda a ganina ake gane cikakken bakanike. Filta ta toshe ne? Ruwa ya kwanta a gindinta, irin wanda man jarka na bakin titi ke kawowa? Ko iska ce ta shiga layi, saboda tanki ya ƙafe ko tiyo ya tsage inda ido ba ya kaiwa? Ku danna famfon hannu. In ya yi laushi ya ƙi tauri, iska ce. Ku fitar da ita har mai ya zo ba kumfa, sannan ku nemo ƙofar da ta shigo, don kada motar ta dawo muku jibi. Haƙuri ake sawa a nan, kuma haƙurin nan shi ke kawo kwastoma na biyu da na goma.

Salansa ma tana magana. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa, sai a fara da filtar iska da ƙurar hunturu ta cika. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, a binciki ringi da turbo. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa, a tuhumi gasket. Ku karanta, ku yi hukunci!

Sai injinan zamani, irin na Hilux ɗin yanzu, masu komon rel. A cikin bututunsu matsin mai yana iya kaiwa ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Don Allah kada ku laluba yoyo da hannu, kada ku sassauta bututu inji na aiki. Feshin nan yana huda fata, yana iya jawo a yanke yatsa. Hannunku ne jarinku. Ku jona na'urar kwamfuta, ta faɗa muku ko sensar kiranshaf ce ta yi shiru, ko matsin mai ne bai kai ba. Amma na'ura unguwa take nunawa, ku ne za ku gano gidan: waya ce ta gutsure, ko soket ya yi tsatsa, ko sensar ce da gaske. Kwamfuta za ta gagari mutumin da ya koyi saita taimin da kunnensa? Ina! Wahala ce ta 'yan makonni, kuma wadda kuka sha a baya ta fi ta.

Kaya sun yi tsada, kwastoma na taya aiki kamar ba gumi a ciki, duk gaskiya ne. Duk da haka ku sayi mita, ku tara kuɗin gejin auna matsi, don kada ku buɗe kan inji sai awo ya ce a buɗe. Ku kira yaran gareji su tsaya kusa, ku miƙa musu mitar su auna da hannunsu, ku tambaye su abin da suka ji kafin ku faɗa musu. Ga wata can an turo ta a bakin ƙofa. Bismillah, a buɗe bonet!