RABIN MAGANI BA MAGANI BA NE

Wa'azi domin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, ga masu bi na Unguwar Shanu da kewaye

Karatu: Luka 10:25-37



A shekarar 1992, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci garin nan na Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ya keɓe ranar 11 ga Fabrairu, watau idin Uwarmu Maryamu ta Lurdes, domin Ikklisiya a ko'ina cikin duniya ta riƙa tunawa da marasa lafiya. An fara kiyaye wannan rana a 1993. Idan aka ce marasa lafiya, hankalinmu yakan tafi ga waɗanda suke kwance a gadon asibiti, kuma daidai ne mu tuna da su. Amma akwai wani mara lafiya da yake yawo da ƙafafunsa, yana fita neman abinci, yana zuwa Misa ya zauna kusa da mu a benci ɗaya, takardar likita kuwa tana ninke cikin aljihunsa har ta fara yagewa, domin ba shi da kuɗin da zai kai ta wurin mai sayar da magani. Shi ne mai gyambon ciki, ciwon da muke kira olsa. A kansa za mu yi tunani yau.

Ciwon yana da magani

Da daɗewa ana ɗauka cewa yunwa, yaji da yawan damuwa su ne tushen gyambon ciki. A 1982, likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbin mutum, wadda ake kira Helicobacter pylori, suka ce ita ce take cinye bangon tumbi. Sauran likitoci ba su gaskata su ba, sai da Marshall ya sha ƙwayar cutar da gangan a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yau an san cewa wannan ƙwayar cuta ita ce take haddasa yawancin gyambon ciki. Babban sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen, diclofenac da piroxicam, waɗanda lebura da mai tura baro sukan haɗiya da yamma domin gajiya. Yunwa da yaji suna tsananta zafin, amma ba su ne tushe ba.

Idan gwaji ya nuna ƙwayar cutar, likita yakan rubuta magunguna uku ko huɗu a haɗe. Ɗaya, irin su omeprazole, yana rage tsamin ruwan tumbi domin gyambon ya samu ya warke. Biyu kuma, irin su amoxicillin da clarithromycin ko metronidazole, su ne suke kashe ƙwayar cutar. Akan sha su safe da yamma har kwana 14, watau sau 28, ba tsallake. Ciwon da mutum ya yi shekara goma yana fama da shi yana iya rabuwa da shi cikin mako biyu, in an sha maganin daidai. Wannan alherin Allah ne. Littafin Sirak, sura 38, ya koya mana mu girmama likita, mu kuma san cewa magani kyauta ce daga Mahalicci. Manzo Bulus ma, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya ba Timoti shawara a kan abin da zai sha saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23).

To, ina matsalar take? Tana wurin biya. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Manyanmu suna tune da yadda magani ya yi tsada bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, farashin magungunan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Mai tuƙa Keke Napep tsakanin Unguwar Shanu da Kawo, ko gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin titin Abakpa, idan aka lissafa musu kuɗin maganin mako biyu, sai su ce a ba su na kwana uku. Zafi ya lafa, su daina. Wani kuwa ya zaɓi mai arha a cikin ukun, watau mai rage zafi, ya bar masu kashe ƙwayar cutar. Wani ya koma ga jiƙon kanwa, ko madara, ko farin maganin nan na kwalba, waɗanda suke kwantar da zafi na sa'a kaɗan, gyambon kuwa yana nan yana ci.

Ku lura da wannan da kyau. Wanda ya sha maganin kwana uku ya tsaya, ya raunana ƙwayar cutar ne kawai, waɗanda suka tsira a cikinta kuma sukan koyi jure wa maganin. Idan ya dawo, zai bukaci wani magani wanda ya fi na fari tsada. Gyambon da aka bari yana iya zubar da jini, yana iya huda tumbi, sai an yi aikin tiyata na gaggawa, wanda kuɗinsa ya ninka na magani sau da yawa. Tun 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwayar cuta cikin abubuwan da suke kawo dajin tumbi. Talaka da ya sayi rabin magani ya biya sau biyu.

Dinari biyu da alkawari

Yanzu mu koma ga Bishara. Mun san labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko, da firist da Balawe da suka ratse, da Basamariye da ya tsaya. Sau da yawa akan tsayar da wa'azi a wurin da ya ɗaure raunukan, ya zuba mai da ruwan inabi. Amma Waliyyi Luka, wanda shi kansa likita ne, bai tsaya a nan ba. Ya gaya mana cewa Basamariyen ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ciro dinari biyu, ladan aikin lebura na kwana biyu ke nan, ya ba mai masaukin, ya kuma ɗauki alkawari cewa duk abin da aka ƙara kashewa zai biya idan ya dawo.

Wannan alkawari shi ne zuciyar labarin a gare mu yau. Basamariyen bai auna taimakonsa da abin da zai kwantar masa da lamiri ba. Ya auna shi da abin da zai tayar da mutumin a kan ƙafafunsa. Ya kuma ba da kuɗin ga mai masauki, wanda zai yi jinyar, ya yi alkawarin dawowa.

Mu gwada wannan da sadakar da aka saba yi a bakin coci. Ɗan'uwa ya nuna takardar likita, a miƙa masa ɗari biyar a ce Allah ya sawwaƙe. Niyyar tana da kyau, Allah kuma yana ganin ta. Amma ɗari biyar ɗin nan ba za ta sayi maganin gaba ɗaya ba, ta haka rabin sadaka take haifar da rabin magani. Manzo Yakubu ya tsauta wa masu sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da biyan bukatar jikinsa ba (Yakubu 2:15-16). Gara mutum goma su haɗu su warkar da mutum ɗaya sarai, da su rarraba wa mutum goma abin da ba zai warkar da ko ɗaya ba. Wata mai zuwa sai a ɗauki na biyu.

Ga ɗan'uwa mai ciwo

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya ta hana mutane da yawa neman taimako har sai da aka kwashe su ranga-ranga. Matar nan ta cikin Markus sura 5 ta yi shekara 12 tana fama, ta kashe duk abin da take da shi, duk da haka ta kutsa cikin taro ta miƙa hannu. Neman taimako wurin 'yan'uwanka na baftisma ba bara ba ne, gama jiki ɗaya muke. Ga abin da muke roƙonka ka yi.

Na fari, ka je asibiti a duba ka, domin ba kowane ciwon ciki ne olsa ba. Akwai asibitin lafiya matakin farko, akwai Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da asibitinmu na St. Gerard da ke Kakuri, wanda yake hidima tun 1957.

Na biyu, ka faɗa wa likita ƙarfin aljihunka tun kafin ya rubuta. Magani ɗaya yana da sunaye da yawa bisa ga kamfanin da ya yi shi, farashinsu kuwa ya bambanta ƙwarai. Ka tambayi mai harhaɗa magunguna wanda ya fi sauƙi, muddin yana ɗauke da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin yaƙi da jabu. Ka guji maganin da ake talla a faranti cikin rana a tashar mota.

Na uku, ka buga ƙofofin da doka ta buɗe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko domin marasa ƙarfi. Jihar Kaduna ta yi dokar inshorar lafiya ta taimakekeniya a 2018, hukumar KADCHMA take tafiyar da ita. A 2022 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu domin masu rauni. Ka je ka tambayi yadda ake yin rajista, ka tambayi waɗanne magunguna ne suke ciki. Wannan hakkinka ne na ɗan ƙasa. Idan an kwantar da kai a babban asibiti, ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya.

Na huɗu, ka kawo takardar likitan wurin Fada, ko katikis, ko shugabar Zumuntar Mata Katolika, ko 'yan Ƙungiyar St. Vincent de Paul.

Idan ka ga aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya yi tauri, kada ka jira wayewar gari, kada kuma ka jira kuɗi su cika. A tafi asibiti nan take. Wannan rana takan faɗo kusa da Lokacin Azumi, saboda haka mu tuna cewa Ikklisiya ba ta ɗora wa mara lafiya azumin Larabar Toka ko na Jumma'a Mai Kyau ba. Ka ci abinci, ka sha maganinka a kan lokaci, ka miƙa wahalarka ga Allah.

Ga jama'ar Allah

Tun rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa na masu bi suka ƙaura zuwa kudancin kogi, waɗanda suka rage a wannan gefe ba su da yawa, mawadata a cikinsu kuwa kaɗan ne. Kada wannan ya karya mana zuciya. Ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda take ko'ina a duniya yau, ɗalibai 'yan kaɗan ne suka fara ta a birnin Paris a 1833, jagoransu Frederic Ozanam yana ɗan shekara 20. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa su riƙa ware wani abu kowace ranar fari ta mako, gwargwadon samun kowa (1 Korintiyawa 16:2). Mu yi lissafi: idan gida 100 suka ware naira 200 kowace Lahadi, naira 20,000 ke nan a mako, 80,000 a mako huɗu. Da yayyafi kogi kan cika.

Muna kira ga majalisar kowace Ikklisiya ta kafa asusun magani, ta kuma ɗaure shi da ƙa'idodi huɗu. A ga takardar likita kafin a fitar da kuɗi. A biya maganin gaba ɗaya, a biya shi kai tsaye ga mai sayarwa, yadda Basamariye ya ba mai masauki. A sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa mara lafiyan har kwana 14 su cika, domin zafi yakan lafa tun kafin cuta ta mutu. A karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a kowane wata, amma a rufa asirin sunan wanda aka taimaka. Ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu, iliminku baiko ne, ku kawo shi.

Mu tuna kuma cewa Basamariye bai tambayi addinin mai rauni ba kafin ya durƙusa. A Unguwar Shanu, da Unguwar Kanawa, da Hayin Banki, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, famfo ɗaya muke ɗiba, ciwon nan kuwa bai san coci ko masallaci ba. Idan maƙwabci ya zo da takardarsa, a karɓe shi da ƙa'idar da aka karɓi ɗan gida.

Kowace Misa muna tunawa da Wanda ya same mu kwance a bakin hanya, ya ɗauke mu, ya biya fansarmu cikakke a kan gicciye. Wanda ya ci daga wannan teburi, bari ya fita ya nemi wanda takardar likita take aljihunsa, ya tambaye shi saura nawa.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba mai jinƙai, ka dubi bayinka da ciwon ciki yake hana su barci, tsadar magani kuma take hana su waraka. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu mulki tsoronka, ka buɗe hannuwanmu mu taimaka har ƙarshe. Uwarmu Maryamu, ki yi roƙo dominsu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.