WA KIKE GANI A CIKIN FIM?

Wata baiwar Allah ce ta tare ni da tambaya a gidan suna, wai don Allah kallon fim da wasan kwaikwayo ba ɓata lokaci ba ne ga matar aure? Maigidanta ne ya faɗa mata haka. Na ce mata in dai tuwo na ƙonewa saboda kallo, to shi ke da gaskiya. Amma ni ba lokacin ne ya fi damuna ba, yadda muke kallon ne.

Wasan kwaikwayo dai ba baƙonmu ba ne mu mata. Tun ba a san kaset ba 'yanmata ke yin tashe daga goma ga watan azumi, wata ta sa riga da hula ta zama Daudu, wata ta zama Mairama, su kwaikwayi zaman aure a tsakar gidan mutane, manya na dariya suna ba su hatsi ko 'yan kwabbai. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke yin shigar sarki da fadawansa, wata ta naɗa rawani ta riƙa irin tafiyarsa da maganarsa. Idan sarki na da wani hali da ba mai iya faɗa masa a fada, a nan zai gan shi ƙiri-ƙiri. Ki duba fa, sarki guda, ana nuna masa kansa, kuma bai ce a kama kowa ba.

To mu fa? Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 kallo ya shigo mana har ɗaki, matar kulle da ba ta taɓa taka ƙofar silima ba ita ma ta samu rabonta. Sangaya ya zo a 1999 da waƙoƙinsa, yau kuwa ko a waya ma kallo ake. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Amma ki zauna cikin mata ana kallo ki kasa kunne. Da an nuno muguwar kishiya sai ki ji an ce, "Wallahi sak tawa!" A nuno uwar miji mai sa ido, "Kamar a gidanmu aka ɗauko ta!" Har yau ban taɓa jin wadda ta ce "wannan ni ce" ba. Kowa ita ce baiwar Allahn da ake cuta.

Na san wata za ta ce, haba Hajiya, mun wuni daka da wanki da rainon yara, ɗan nishaɗin ma sai an mai da mana shi wa'azi? Gaskiyarki. Ni kaina fim ɗin da wa'azi ya yi wa yawa barci yake sa ni, kuma dariya ba laifi ba ce. Sai dai ki lura da mai zanen lalle. Duk gwanintarta, ta ƙawata hannun amarya da fure da reshe har a yi ta santi, amma hannunta na dama sai ta miƙa wa wata ta zana mata. Halinmu ma haka yake, akwai gefen da sai wani ya nuna mana, kuma ɗan wasa ya fi maƙwabciya iya nunawa, don shi ba ya kiran suna.

Bari in tona wa kaina asiri. Wani dare muna kallo da yarana, aka nuno wata mata tana gallaza wa 'yar riƙo, 'ya'yanta na zaune suna cin abinci ita yarinyar na wanke-wanke. Na yi ta Allah wadai, har ina cewa irin waɗannan matan ba za su gama da duniya lafiya ba. Ina waiwayawa sai ga 'yar ƙanin maigidana da nake riƙo, tsaye a bakin ƙofa da kwanuka a hannu tana leƙen talabijin. Ni ce na ce kada ta zauna sai ta gama, alhali sa'o'inta na kwance a kan cinyata.

Na ce ta ajiye kwanukan ta shigo. Ta shigo ta raɓe a can bakin tabarma, har fim ya ƙare tana satar kallona, tana jiran in ce ta tashi.